Ka Aiko Mini Da Kunnuwanta

Goron Dutse, Kano.
Talata, bayan la'asar.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka isa lafiya, ka tarar da mutanen gona lafiya, da shanun, da ruwan da aka ce an fara samu. Allah Ya tsare ka a zaune da a tafe, Ya kare ka daga sharrin mutum da sharrin ƙarfe. Mu nan lafiya lau, kuma iyakar labarin gida da za ka samu a takardar nan ke nan.

Kawunka Habu ne zai miƙa maka ita hannu da hannu. Na san akwai waya. Na kuma san yadda kake yi da ni a waya: "To Umma, in sha Allahu Umma," sannan sabis ya ɗauke daidai inda maganar ta fara yi maka nauyi. Takarda ba ta da wannan ciwon. Ka ba Kawu ruwa da abinci, ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ce masa komai.

Jiya na hau kujera zan sauko da bargo daga kan sif, na ga ƙunshin bindigar kakanka Baba yana nan a inda yake, cikin tsohon zanen saƙinsa, an ɗaure shi tsaf. Har na yaba da ɗaurin. Da na ɗaga sai na ji bai kai nauyinsa ba. Na kwance, na tarar da babbar muciyar tuwon biki, wadda nake ta zargin maƙwabta a kanta. Ka je jami'a, ka fito da digiri a kiwon dabbobi, dabarar da ta zo maka ita ce muciya. Ban yi fushi ba tukuna. Sai da na zo ware kayan wanki, na sa hannu a aljihun shuɗin kaftaninka, na ciro harsashi guda, ja, na roba, sabo fil. Yana nan gabana a kan tebur yanzu da nake rubutu.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, tun kafin ka gaji da karatu. Wannan harsashi da waccan bindiga ba sa haɗuwa. In ka sa mata shi ka ja kunama, tana iya tashi lafiya yau, ta tashi lafiya gobe. Wata rana bututun zai fashe. Kuma wurin da yake fashewa sananne ne: daidai inda hannunka na hagu yake tallafe da ita, bai fi kamu ɗaya daga idonka ba.

Na san dalilinka. An kore shanu a rugar da ke kusa da gonar, kai kuma tun rasuwar mahaifinka kake tafiya kamar an aza maka gidan nan a kafaɗa. Ga shi sunan Baba ka ci, shi ya sa nake ce maka Abba, shi ya sa tun kana yaro kake cewa "bindigar takwarana". Ban ce ba ka da dalili ba. Abin da ba ka da shi shi ne sanin abin da ka ɗauka, kuma ni na jawo haka ta hanyoyi da yawa. Zan jera maka su yadda suka faru.

Na farko, ni na goge ta.

Ina shekarar farko a jami'a, na zo hutu, Baba yana hanyar dawowa daga aikin hajji. Ka san yadda gidan alhaji yake komawa kafin saukarsa: a shafe bango da farar ƙasa, a wanke tabarmi, a fito da duk wani faranti da buta da tasa a goge su har mutum ya ga fuskarsa. Inna ta ba ni kayan tagulla, ta ba ni toka da lemon tsami. Na gama da wuri, hannuna bai gaji ba, na shiga turakar Baba ina neman abin da zan ƙara burge mutane da shi. A lokacin bindigogin biyu ne a bango, iri ɗaya, tare aka saye su. Ka riƙe maganar ta biyun, zan dawo kanta.

Bututunsu ruwan ƙasa ne, da wani zane a jiki mai murɗe-murɗe kamar tufkar igiya, tun daga gindi har baki. Ni a idona datti ne da tsatsa. Na sa toka da lemo, bai fita ba. Na ƙara da yashi. Na aika wurin kafinta aka karɓo mini samfefa. Kafin magariba sun koma fari ƙal kamar sabon cokali, ni kuma ina jiran yabo.

Baba ya sauka, aka gama gaishe-gaishe, ya shiga turaka. Can sai ya leƙo.

"Wa ya yi wa bindigogina wanka?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Allah Ya yi albarka. Yanzu ni kaɗai na rage a gidan nan ba a goge ba. Ki bar ni haka."

Kowa ya yi dariya, maganar ta wuce. Shi kansa bai san abin da zanen yake nufi ba. Abin da ya sani kawai, wanda ya sayar masa ya ce masa kada ya ba su harsashin kanti. Yana da kwansaye na tagulla da yake ɗurawa da kansa da baƙin albarushi irin na mafarauta, mai hayaƙi. Yakan ce, "Ba sa cin abincin waje." Mu muna ɗauka tsumulmula ce.

Ga abin da zanen yake nufi. Irin wannan bututu ba daga sandar ƙarfe guda aka huda shi ba. Siraran ƙarafa ake murɗawa kamar igiya, a naɗe su a jikin sanda, a yi ta duka a wuta har su manne. Masu sana'ar suna ce masa damaskas. Yana da kyau a ido, amma duk layin da ka gani a zanen mahaɗa ce, kuma a kowace mahaɗa tsatsa tana iya shiga ta yi gida a ciki inda ba a gani. An yi shi ne don baƙin albarushi, wanda yake tura harsashi a hankali. Albarushin da ke cikin jan harsashinka duka yake yi, ba turi ba. Duk wanda ya san bindiga, da ya ga zanen zai ja baya. Ni na share gargaɗin, na bar haɗarin.

Kada ka yarda da ni haka nan, ka duba da idonka. Ka fita fili da rana, ka juya bakinta ƙasa, nesa da mutum da dabba, ka buɗe ta ka tabbatar ba komai a ciki. Akwai ɗan katako a ƙarƙashin bututun, inda hannun hagu yake kamawa. Yana cirewa. A lokacin ban san yana cirewa ba, shi ya sa samfefata ba ta kai can ba. Ka cire shi, za ka ga zanen yana nan kamar jiya aka yi shi.

Shawarata a nan gajeriya ce. Tsohon abu, kada ka gyara shi kafin ka tambayi abin da yake. Kuma ƙyalli ba lafiya ba ne, ko a ƙarfe ko a mutum.

Na biyu, na bar labari ya fi ƙarfin abin da na sani.

Ka san labarin, ni na ba ka shi a kan cinyata. Wani Bature manajan kamfanin fatu ya ba Baba bindigar kyauta, daga Landan aka yi masa odarta, bayan Baba ya kashe damisar da ta addabi ma'aikata. Ina jin a bakina damisar ta ƙara girma sau biyu.

Da na gama karatun tarihi na kama aiki a ɗakin ajiyar gidan adana kayan tarihi, aka ba ni sashen makamai, saboda sauran sun zaɓi wurin da fanka take aiki. A can na koyi cewa bindiga tana ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta, amma ba a inda ake nuna wa baƙi ba. Sunan da aka zana a gefe da ado, kowa yana iya zana shi. Gaskiyar tana ƙarƙashin bututu, can gindi, wurin da yake shafe, inda sai an raba bindigar ake gani. A nan ake buga ƙananan hatimai na ƙasar da aka gwada ta, da irin albarushin da aka gwada ta da shi.

Na dawo gida wata Asabar na raba tamu. Sunan gefen mai kama da na Turawan Ingila ne, har da kalmar Landan. A ƙarƙashi kuwa akwai wani ɗan zagaye kamar ƙwai, da haruffa uku a ciki da ɗan tauraro. Hatimin Beljiyam ke nan. Irinta aka riƙa ƙerawa da yawa, masu araha, ana buga musu suna mai daɗin ji, ana lodawa a jirgin ruwa zuwa kantuna irin namu. Na nemi hatimin da ke nuna an gwada ta da albarushin zamani. Babu. Kai ma ka duba, ba za ka samu ba.

Na je wurin Baba da bincikena, ina ji da kaina.

"Baba, bindigar nan ba ta Landan ba ce."

"Ke kin je Landan ɗin?"

"A'a."

"To."

Nan taron ƙara wa juna sani ya tashi. Daga baya Inna ta ce mini a wani kanti bayan tashar jirgin ƙasa ya saye su, kuma ba damisa ba ce, kura ce, ita ma a tarko aka same ta. Ta ce, "Ki bar masa abinsa, da me ya rage ki?" Na bar masa. Wannan ladabi ne, ban yi nadamarsa ba. Abin da ba ladabi ba shi ne da na ɗauki labarin na ba ɗana, na bar hatimin a ƙarƙashin katako. Na ga yana sa ka cin tuwo ba gardama, sai na ci gaba.

Labarin gida yana da daɗi a kan tabarma, Abba. Amma in za ka aza wani abu a kafaɗarka ka kanga kuncinka a jikinsa, ka juya shi ka karanta ƙarƙashinsa tukuna.

Na uku, an ba ni damar rabuwa da ita na ƙi, don girman kai.

Bayan rasuwar Baba wani dillalin kayan da ya ji labarinta, ya zo har zaure. Dattijo ne mai fara'a, irin masu yabon abu da baki suna kushe shi da yatsa. Ya ce, "Hajiya, ma sha Allah, irin wannan sai gidan manya," yana faɗa yana raba ta gida uku. Ya rataye bututun da zare, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan cokalin shayin da na kawo masa. Lafiyayyen bututu ƙara yake yi kamar ƙararrawa, ya daɗe yana amo. Namu ya ce "kwaf", kamar fasasshiyar ƙwarya, alamar likin da ya haɗa bututun biyu ya fara saki.

"Hajiya, wannan tari take yi."

"Tsufa ne."

"Ni ma tsoho ne, Hajiya, amma ba a sa mini albarushi."

Ya ɗaga bututun ya leƙa hasken rana ta ciki. Ya kamata ciki ya zama kamar madubi. Namu duk ramuka ne kamar fuskar wanda ya yi agana. Ya mayar da ita ba tare da katakon ƙasa ba, ya riƙe ta a ƙota ya girgiza, ta yi ƙas-ƙas a mahaɗa. Ya duba lambobin da ke jikin bututu da jikin uwar bindigar da jikin katakon, ya ga sun zo ɗaya, ya ce wannan kam ta ci. Sannan ya zo kan kunnuwa, wato ƙarafan nan biyu masu lanƙwasa da ke tsaye a baya, waɗanda ake ja da babban yatsa kafin a harba. Ya ce na dama na asali ne, na hagu ƙirar maƙeran garin nan ne, kuma ya fi na asalin kyau, amma masu tara irin waɗannan kaya ba kyau suke saye ba, asali suke saye. Ya shafa jar fatar da dukawa suka naɗe wuyan ƙotar da ita, ya ce, "Me aka rufe a nan?" Tsaguwa aka rufe. Daga ƙarshe ya shafa farin bututun, ya ce, "Wanda ya goge wannan ya cire mata rabin kuɗinta. Allah Ya yafe masa."

Na ce amin.

Ba abin da ya faɗa da ban sani ba. A ofis ni nake faɗa wa mutane irinsa, in ga fuskarsu ta canza. Darajar tsohuwar bindiga tana wurin wanda ya ƙera ta da gaske, da launinta na asali ba a taɓa ba, da sassanta duka nata ne, da tsabtar cikinta, da mahaɗa mai ƙarfi. Tamu lamba kawai ta ci. Abin da ya taya bai kai kuɗin ragon suna ba, ya ce wani mai otal yana neman abin ratayawa a bango, za a toshe ta a rataye. Na ji kamar ya ce zai rataye Baba a saman teburin cin abinci. Na ce a kai kasuwa. A wurin aikina ma da na miƙa ta da an karɓa, an kashe ta, an sa ta a gilashi da 'yar takarda. Ban miƙa ba, saboda ni zan rubuta takardar, kuma dole in rubuta Beljiyam. Na naɗe ta na ɗora a kan sif. Da na bar shi ya tafi da ita, da yau tana bangon otal tana kallon masu cin shinkafa, muciyata tana kicin, ni kuma ina barcin rana.

Abin da zan ce maka a nan: in kana son sanin darajar abu, ka lura da abin da mai faɗa maka zai samu. Dillali ya kushe ta don yana son saye, amma ya yi gaskiya. Kai wa ya yaba maka ita? Ina jin wanda ya sayar maka da harsashi. Ina jin kuma ya ce ka gwada ka gani, ka sa, ya shige sumul, ta rufe. Zai shige. Ramin da harsashi yake zama a tsoffin nan gajere ne, na zamani kuma a naɗe yake, sai an harba bakinsa yake buɗewa ya ƙara tsawo. A cikin tamu ba shi da wurin buɗewa, sai ya matse, ƙarfin ya nemi hanya ta gefe. Shigarsa lafiya ba shaida ba ce. Kuma in 'yan sintirin ƙauyen suka gan ta suka ce ma sha Allah, mai baki biyu, ka sani wanda ke da mai baki biyu shi ake sawa a gaba.

Akwai kuma abin da ko ba ka harba ba. Kunnuwan tamu tsohon yayi ne, in an sauke su a kan allurar da ke dukan gindin harsashi suke kwanciya kai tsaye. Ka goya ta a babur da harsashi a ciki, ramin hanya ɗaya ya isa. Lasisinta kuma da sunan Baba yake, ya bi shi. Ban san yadda ka wuce shingayen hanya da ita ba, kuma ba na son sani. Amma ka tsaya ka kalli kanka yadda baƙo zai kalle ka: saurayi dogo siriri, da hancin kakanninsa, a daji, da shanu, da bindiga ba takarda. A kwanakin nan ba wanda zai tsaya ya tambaye ka digirinka, balle ya juya ta ya ga hatimin Beljiyam. Mu mun san gidanmu ya fi shekara ɗari a cikin ganuwa. Wanda yake tsoro a bakin hanya bai sani ba.

Za ka ce to in zauna hannu sake? Ban ce wurin lafiya yake ba, ina jin rediyo kamar kowa. Amma waɗanda kake tsoro ba da mai baki biyu suke zuwa ba. Tasu ba ta numfashi. Taka sau biyu take magana, kuma ba ka san da wa za ta yi ta biyun ba. Abin da bindigar nan za ta ƙara maka shi ne ta sa ka tsaya a inda ya kamata ka gudu. Ka kwana a cikin gari, ba a ɗakin gona ba. Ka je ka gaida dagaci kamar yadda mahaifinka yake yi, da goro, ba da bayani ba. Ka ji ta bakin makiyayan da suka riga ka, in sun ce a matso da garke kusa da gari, a matso. In kuma aka zo, ka bar shanun. Na faɗa, kuma zan maimaita a gaban baffanninka in sun yi magana. Ana sake sayen saniya.

Saura na huɗu. Shi ne ya sa ban ba direban mota takardar nan ba.

Na ce maka bindigogin biyu ne. Bayan gugar da na yi da kamar shekara biyu, kawunka Habu yana saurayi kamar kai, ya gaji da jiran Baba ya ɗura masa kwanson tagulla. Ya je wurin wani mai sayar da harsashi. Mutumin bai cuce shi ba, har tambaya ya yi masa.

"Bututun yana da zane kamar igiya?"

"A'a, fari ne ƙal."

"To ƙarfen zamani ne, sa mata."

Ya sa mata. Damina guda yana harbin zabin daji da ita, lafiya lau, yana kawo wa Inna, yana yi wa Baba dariyar ɗure-ɗurensa. Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina shanya, na ji mota ta tsaya a ƙofa ba a kashe ta ba. Aka shigo da shi zaure, an naɗe hannunsa da rawanin wani, rawanin ya jiƙe har yana ɗiga a kan dakali. Bai yi kuka ba. Yana ta ce wa Baba, "Ban ɓata ta da gangan ba." Bututun hagu ya buɗe kamar ɓawon ayaba.

A hanyar asibiti Baba ya ce a ce injin markaɗe ne, don kada 'yan sanda su shigo ciki. Likitan ya ciro ɓarɓashin ƙarfe daga hannun da kuma gefen girarsa, ya kalle mu, ya ce, "Injin nan naku da albarushi yake aiki?" Ya rubuta injin markaɗe. Tun daga ranar haka muke faɗa wa kowa, har da kai, da ka tambaya kana aji uku. Gidan Baba bai taɓa yin injin markaɗe ba. Ragowar bindigar a tsohuwar rijiya aka jefa ta.

A lokacin ban san alaƙar samfefata da hannunsa ba. Sai da na fara aiki na gane, na je na faɗa masa. Ya ce, "Ashe ke ce." Tun daga shekarar duk sallah sai ya kawo mini lemon tsami a leda, ya ce, "Yaya, ko akwai abin gogewa?" Iyakar hukuncin da ya yi mini ke nan, kuma bai taɓa fashi ba.

Kuskuren ba gugar ba ne wannan karon, wancan na riga na lissafa shi. Kuskuren shi ne na bar ka ka girma da injin markaɗe a hannu ɗaya, damisa a ɗaya hannun. Na ɓoye maka labarin gaske na bindigar, na ba ka na ƙarya, sannan na ajiye ta a inda dogon mutum yake kaiwa ba kujera. In wata rana ka haifi naka, abin da zai iya cutar da su ka faɗa musu yadda yake, ko da sunan wani babba zai ɗan ragu.

Jiya da na ga harsashin na sa mayafi na tafi Ƙofar Ruwa, na sami Habu a shagonsa. Na ajiye masa shi a kan kanta. Ya juya shi da yatsun da suka rage.

"Na Abba ne?"

"Nasa ne."

"Yaushe ya tafi?"

"Ran Juma'a."

Ya fara rufe tagar shago. Na ce zan rubuta maka komai, in ya yarda, tunda hannunsa ne kuma sirrinsa ne. Ya ce, "Rubuta, Yaya, ke ce 'yar boko. In bai yarda da takarda ba, ni ne shafi na ƙarshe."

Ga abin da nake so. Ba na son ka ba shi bindigar ya hau hanya da ita, ya riga ya biya nasa. Kowane kunne ƙusa ɗaya ce mai murɗi take riƙe da shi a gefe. Ka kwance su, in sun ƙi ka ɗiga musu mai ka jira, Habu zai nuna maka, shi ba zai iya riƙe sukundireba da ita lokaci guda ba. Bindigar da ba ta da kunnuwa sanda ce. Ka naɗe su biyun a hankici ka ba shi ya kawo mini. Gangar jikin da harsasan, ku je tare wurin dagaci ya raka ku a miƙa wa hukuma yadda ya dace, a rubuta an karɓa. In an tambaye ku darajarta, ku ce ba ta kai ragon suna ba, wani masani ya tabbatar.

Kada ka kira ni ka ce "to Umma". Na ƙoshi da ita. Ran Alhamis Habu zai dawo, zan kasance a tsakar gida, kuma daga yadda ya sa hannu a aljihu zan san amsarka.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare idonka da hannuwanka, Ya rufe ka daga idon azzalumai, Ya sa albarka a abin da ka je nema, Ya dawo da kai gida da ƙafarka. Ya jiƙan mahaifinka da takwaranka. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka riƙe azkar ɗin safe da yamma.

Yanzu ka ninke takardar, ka ɗaga kai, ka ce wa kawunka ya fito da hannunsa na hagu daga cikin riga. Ka kalle shi da kyau, ba irin kallon da ka saba ba. Sannan ka je ka nemo sukundireba.

Wassalam.

Mahaifiyarka.